Salaryman Kintaro

Salaryman Kintaro (da harshen Japan: サラリーマン金太郎) ƙagaggen labari ne na ƙasar Japan wanda marubuci kuma mai zane Hiroshi Motomiya ya ƙirƙira. Ya fara fitowa ne a matsayin manga, wato labarin da ake bayarwa da zane a kan takarda, a mujallar mako-mako ta Weekly Young Jump ta kamfanin Shueisha, daga shekarar 1994 zuwa 2002, daga baya aka tattara shi a kundi 30. A shekarar 2001 aka mayar da shi anime, wato fim ɗin zane mai motsi irin na Japan, mai kashi 20. Tomoharu Katsumata ne ya ba da umarni, aka nuna shi a tashar talabijin ta BS-i.

Labarin ya ginu ne a kan Kintaro Yajima, tsohon shugaban wata babbar ƙungiyar 'yan daba masu yawo a kan babura, wanda ya tuba, ya koma kamun kifi, daga bisani ya sami aiki a wani katafaren kamfanin gine-gine a Tokiyo. An yi shi ne domin manya, musamman maza ma'aikata, domin abin da yake magana a kai shi ne rikicin shugabanci a cikin kamfani, cin hanci wajen raba kwangila, da matsayin ƙaramin ma'aikaci a gaban manyansa. Akwai faɗa da zubar da jini a ciki, da shaye-shaye, da wasu wurare na mu'amalar maza da mata waɗanda ba su dace da yara ba.

Ma'anar suna

Kalmar "sarariman" Japanawa ne suka ƙirƙire ta daga kalmomin Turanci biyu masu nufin albashi da namiji. Suna kiran ma'aikacin ofis mai karɓar albashin wata da ita, mutumin da yake sa kwat ya hau jirgin ƙasa da safe, ya dawo gida da daddare, kuma sau da yawa yakan ƙare rayuwarsa ta aiki a kamfani ɗaya.

Shi kuwa Kintaro suna ne da kowane yaro a Japan ya sani daga tatsuniya. Kintaro na tatsuniya yaro ne mai ƙarfin gaske da ya tashi a dutsen Ashigara cikin namun daji, har yana kokawa da su. Da ya girma sai ya shiga hidimar jarumi Minamoto no Yorimitsu, aka sa masa suna Sakata no Kintoki. Haɗa waɗannan kalmomi biyu a suna ɗaya ya riga ya faɗi inda labarin ya dosa: ɗan daji mai ƙarfi ya zo ya shiga hidimar wani babban gida, sai dai a wannan karon gidan kamfani ne.

Labari

Kintaro Yajima bai gama makarantar sakandare ba. Tun yana matashi ya shugabanci ƙungiyar 'yan babur mai suna Hasshu Rengo, wadda labarin ya ce mabiyanta sun kai mutum 10,000. Ya bar wannan rayuwa, ya auri wata makauniya mai suna Akemi, ya zama masunci a wani ƙauye na bakin teku. Akemi ta rasu wajen haihuwar ɗansu Ryuta, ta bar Kintaro da jariri.

Wata rana ya ceci wani dattijo da ruwa ya kusa ci a teku. Ashe dattijon shi ne Morinosuke Yamato, wanda ya kafa kamfanin gine-gine na Yamato kuma yake shugabantar hukumar daraktocinsa. Ta dalilin wannan ceto Kintaro ya sami shiga kamfanin a matsayin ma'aikacin gwaji. Da yake ba shi da takardar shaidar karatu, kuma bai san kan aikin ofis ba, sai aka ba shi fiƙe fensir, aikin da kowa yake ganin wulaƙanci ne. Kintaro ya riƙe shi da muhimmanci, ya yi shi da kyau, kuma daga nan abokan aikinsa suka fara lura da shi.

A lokacin da ya shiga, kamfanin ya rabu gida biyu. Shugaban gudanarwa Genzo Oshima, wanda ya zo daga aikin gwamnati, ya cika manyan muƙamai da mutanensa, yana neman kawar da dattijo Yamato da tsofaffin ma'aikatan da suka gina kamfanin. Yawancin ma'aikata sun san abin da ake ciki amma sun ja bakinsu sun yi shiru saboda tsoron rasa abinci. Kintaro, wanda ba ya tsoron kora domin bai ɗauki kujerarsa a bakin komai ba, shi ne ya fara faɗin gaskiya a fili. Ƙarfin halinsa ya zaburar da matasan ma'aikata, suka haɗa kai da darakta Yusaku Kurokawa, har aka kai ga tumɓuke Oshima, Kurokawa ya hau kujerar.

Daga nan labarin ya fitar da Kintaro daga hedikwata zuwa inda ake aikin da hannu. An tura shi wurin haƙa hanyar ƙarƙashin dutse, inda sai da ya shawo kan leburori da ƙananan 'yan kwangila waɗanda ba su ganin ɗan ofis da gashi. An kuma tura shi reshen kamfanin da ke yankin Tohoku a arewa maso gabashin Japan, inda ya ci karo da haɗin bakin da kamfanoni suke yi wajen raba kwangilolin gwamnati, da kuma 'yan yakuza, wato ƙungiyoyin miyagu na Japan. Daga baya aikin ya kai shi ƙasar waje, wata ƙagaggiyar ƙasa ta hamada mai suna Nabiliya. A cikin wannan tafiya ya haɗu da Misuzu Suenaga, wadda ta zama matarsa ta biyu.

Manyan mutanen cikin labarin

Kintaro Yajima: jarumin labarin. Mai saurin fushi ne, mai cika alkawari, ba ya sauya magana ko a gaban wa yake.

Morinosuke Yamato: wanda ya kafa kamfanin Yamato. Yana ganin irin ƙwazon da ya gina kamfanin da shi tun farko a tattare da Kintaro.

Genzo Oshima: shugaban gudanarwa a farkon labarin, kuma abokin hamayyar Yamato.

Yusaku Kurokawa: darakta daga cikin tsofaffin ma'aikata, wanda ya gaji Oshima.

Ryuzo Igo: babban jami'i a reshen Tohoku, mutum mai tsauri da ya koya wa Kintaro yadda harkar gini take a zahiri.

Seiji Takatsukasa: tsohon babban ma'aikacin gwamnati mai zurfin ilimi, wanda ya zama kishiyar Kintaro a cikin kamfani.

Misuzu Suenaga: mai kula da wani gidan shaƙatawa na manya a unguwar Ginza. Ta taɓa zama farkar wani babban ɗan siyasa da ya mutu, saboda haka tana da hanya a wurin masu mulki da masu kuɗi. Tana da 'ya mai suna Mimi.

Kayo Nakamura: tsohuwa attajira wadda ba a gane dukiyarta daga shigarta, ta zama mai goyon bayan Kintaro.

Ryuta Yajima: ɗan Kintaro da Akemi.

Halin da Japan take ciki lokacin fitowar labarin

Ba a fahimtar karɓuwar Salaryman Kintaro sai an duba shekarun da ya fito. A ƙarshen shekarun 1980 farashin filaye da hannun jari ya yi tashin gwauron zabo a Japan. Ma'aunin Nikkei na kasuwar hannun jari ta Tokiyo ya kai 38,915 a ranar 29 ga Disamba, 1989, daga nan ya fara faɗuwa. Bankuna suka tashi da basussukan da ba za a iya biya ba, tattalin arziki ya tsaya cak na tsawon shekaru. A watan Nuwamba na 1997 bankin Hokkaido Takushoku da kamfanin dillancin hannun jari na Yamaichi suka durƙushe. Rashin aikin yi, wanda bai wuce kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba a 1990, ya kai kashi 5 cikin 100 a 2001, shekarar da aka nuna fim ɗin.

Kafin wannan lokaci, ma'aikacin babban kamfani yana da wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakaninsa da ubangidansa. Kamfani yakan ɗauki matasa da zarar sun gama makaranta, su fara aiki tare a watan Afrilu, albashi da muƙami su riƙa ƙaruwa gwargwadon daɗewa, kuma ba a cika korar mutum ba har ya yi ritaya. Shi kuma ma'aikaci ya biya da biyayya da dogon lokacin aiki, har Japanawa suna da kalmar "karoshi" mai nufin mutuwa saboda yawan aiki. Da tattalin arziki ya karye sai kamfanoni suka fara rage ma'aikata da rage ɗaukar sababbi. Mutanen da suka yi biyayya shekara da shekaru suka ga alkawarin ya fara warwarewa. Waɗannan su ne masu karanta Weekly Young Jump a jirgin ƙasa kan hanyar zuwa aiki, kuma gare su aka kawo jarumin da yake faɗa wa shugaban kamfani abin da su ba su isa su faɗa ba.

Zaɓen kamfanin gine-gine ma ya dace da abin da ake ciki. A shekarar 1993 aka bankaɗo wata babbar badaƙalar cin hanci da ta shafi manyan kamfanonin gini na ƙasar. An kama magajin garin Sendai, Toru Ishii, da gwamnan lardin Ibaraki, Fujio Takeuchi, da gwamnan lardin Miyagi, Shuntaro Honma. A watan Maris na 1994 aka kama tsohon ministan gine-gine Kishiro Nakamura. Sendai da Miyagi duk suna yankin Tohoku ne, inda labarin ya tura Kintaro. Abubuwa biyu da wannan harka ta yi ƙaurin suna da su sun fito ƙarara a cikin labarin. Na farko shi ne "dango", wato kamfanoni su zauna a asirce su tsara wanda zai ci kwangila da farashin da kowa zai rubuta. Na biyu shi ne "amakudari", wanda ma'anarsa ta zahiri ita ce saukowa daga sama, wato babban ma'aikacin gwamnati ya yi ritaya ya faɗa babbar kujera a kamfanin da ma'aikatarsa take sa wa ido. Oshima misali ne na irin waɗannan mutane.

Su kuma 'yan babur irin su Kintaro ana kiran su "bosozoku". Matasa ne, a da yawancinsu 'yan ƙasa da shekara 20, da suke gyara baburansu su riƙa ƙara mai tsanani, su fito cikin dare a ayari suna tare hanya, suna karya dokar tuƙi, suna faɗa da wasu ƙungiyoyi. An san su da dogayen riguna masu rubutu a baya, da tsananin biyayya ga na gaba. Alƙaluman 'yan sandan Japan sun nuna yawansu ya kai ƙololuwa a 1982 da mutum 42,510, sannan ya yi ta raguwa, musamman bayan tsaurara dokar hanya a 2004. A al'adarsu yawanci mutum yakan bar ƙungiya idan ya kai shekarun girma, ya nemi sana'a, sau da yawa aikin gini ko tuƙin mota. Abin da ya sa labarin Kintaro ya zama na daban shi ne ƙofar ofis da aka buɗe masa, wadda a zahiri ba a cika buɗe wa irinsa ba.

Marubucin

An haifi Hiroshi Motomiya a lardin Chiba a shekarar 1947. Ya yi suna ne da Otoko Ippiki Gaki Daisho, wanda ya fara fitowa a mujallar Shonen Jump a 1968, labarin wani yaro da ya yi ta buge shugabannin 'yan daba ɗaya bayan ɗaya har ya zama jagoransu a faɗin Japan. Daga cikin sauran ayyukansa akwai Ore no Sora, da Tenchi wo Kurau wanda ya ɗauko daga tarihin masarautu uku na ƙasar Sin. Jaruman Motomiya kusan duk iri ɗaya ne: namiji mai faɗin ƙirji, mai zafin zuciya, wanda mutane suke bi saboda halinsa. A Salaryman Kintaro ya ɗauki wannan jarumi da masu karatu suka sani tun suna yara, ya sa masa kwat ya zaunar da shi a teburin ofis, a daidai lokacin da su ma masu karatun suka zama ma'aikata.

Fim ɗin zane na 2001

Kamfanin JCF ne ya shirya fim ɗin, aka nuna kashi 20 ɗinsa tsakanin watan Fabrairu da Maris na 2001. Tashar BS-i, wadda take da alaƙa da gidan talabijin na TBS, sabuwa ce a lokacin, domin a watan Disamba na 2000 ta fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan Adam. A 2009 aka sauya mata suna zuwa BS-TBS. Mai ba da umarnin, Tomoharu Katsumata, tsohon hannu ne a wannan sana'a, shi ne ya jagoranci Cutie Honey a 1973 da Arcadia of My Youth a 1982. Taisei Miyamoto ne ya yi muryar Kintaro.

Fim ɗin ya ɗauko sassan farko ne na littafin, bai kai ƙarshen kundi 30 ɗin ba. Zanen mutanen ya bi salon Motomiya, fuskoki masu kauri da girar ido mai duhu, ba irin manyan idanuwa da launuka masu ƙyalli da aka saba gani a fina-finan zane na yara ba. Yawancin abin da ke faruwa a ɗakin taro ne, ko wurin gini, ko gidan shaƙatawa, kuma magana ta fi motsi yawa, sai lokaci zuwa lokaci faɗa ya ɓarke. Daga baya kamfanin Artsmagic ya fitar da shi a faifan DVD da fassarar Turanci a rubuce, ta nan ne masu kallo a Amurka da sauran ƙasashe suka san shi.

A Japan irin wannan aiki yana cikin rukunin da ake kira "seinen", wato wanda aka yi domin samari da magidanta. Rukunin ya bambanta da "shonen" na yara maza, kuma ya bambanta da fina-finan batsa. Abin da ya mayar da shi na manya shi ne batutuwan da yake taɓawa da kuma yadda ba ya ɓoye tashin hankali.

Jigogi

Babbar tambayar da labarin yake maimaitawa ita ce: kamfani na wane ne, kuma mene ne ma'aikaci a cikinsa? Oshima da mutanensa suna kallon kamfani a matsayin tsani na hawa da wurin tara abin duniya. Kintaro yana kallonsa kamar yadda ya kalli ƙungiyarsa ta da: jama'a ce da shugaba yake ɗaukar nauyin na ƙasa da shi, na ƙasa kuma ya tsaya wa shugaban da ya cancanta. A ganinsa aikin albashi ba bauta ba ce, kuma mutum yana iya yin biyayya ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba.

Jigo na biyu shi ne takarda da hali. A ƙasar da sunan jami'ar da mutum ya gama yake yanke masa irin aikin da zai samu, labarin ya jera waɗanda suka fito daga manyan makarantu a gefe ɗaya, da wanda bai gama sakandare ba a ɗaya gefen. Sai dai bai ce ilimi banza ba ne, domin Kintaro da kansa yakan gane iyakarsa, ya zauna ya koyi aikin daga waɗanda suka fi shi sani.

Na uku shi ne tuba da abin da ya wuce. Kintaro ya bar daba, amma dabar ba ta bar shi ba. Tsofaffin yaransa suna nan, suna amsa kiransa, kuma sau da dama abin da ya warware matsala shi ne ƙarfin damtsensa ko tsoron da sunansa yake sa wa mutane. A nan labarin yake da rauni da ƙarfi a lokaci guda. Yana sukar zalunci da haɗin baki a cikin kamfani, amma maganin da yake kawowa shi ne mutum ɗaya mai ƙarfi wanda doka ba ta cika kama shi ba. Haka nan nasarorin Kintaro da yawa sun rataya ne a kan manyan mutane da suka ƙaunace shi, kamar Yamato da Kayo Nakamura da Misuzu, abin da ma'aikaci na gaske ba ya samu. Mata a labarin, duk da cewa wasunsu suna da dukiya da faɗa a ji, rawarsu ba ta wuce taimaka wa jarumin ko son sa ba, wanda hakan hoto ne na yadda ofisoshin Japan suke a shekarun 1990, inda manyan kujeru kusan duk na maza ne.

Cigaban labarin da sauran fina-finai

Motomiya ya koma kan labarin sau da dama bayan 2002. A 2005 ya fara wani sashe da ya shafi yaƙin kasuwar kuɗi, a 2009 ya fara Shin Salaryman Kintaro, wato sabon Kintaro, sannan a 2015 ya fitar da sashen da yake nuna jarumin yana da shekara 50.

A cikin Japan wasan kwaikwayo na talabijin ya fi fim ɗin zane shahara. Tashar TBS ta nuna zango huɗu a 1999, 2000, 2002 da 2004, inda Katsunori Takahashi ya fito a matsayin Kintaro. Shi ne kuma ya fito a fim ɗin silima na 1999 wanda Takashi Miike ya ba da umarni. Tashar TV Asahi ta sake yin wasan a 2008 da 2010 da Masaru Nagai. A farkon 2025 aka fitar da sabon fim mai kashi biyu, Nobuyuki Suzuki ya hau matsayin jarumin. An kuma yi amfani da sunan labarin a na'urorin caca da ake samu a gidajen wasan pachinko na Japan.

Ayyuka makamantansa

Salaryman Kintaro yana tsakanin rukuni biyu na labaran Japan. Na farko shi ne labaran ma'aikatan ofis. Fitacce a cikinsu shi ne Kacho Shima Kosaku na Kenshi Hirokane, wanda ya fara a 1983, labarin ma'aikaci mai ilimin jami'a da yake hawa muƙami sannu a hankali ta hanyar iya zama da mutane. Akwai kuma Tsuribaka Nisshi, wanda ya fara a 1979, labarin barkwanci na ma'aikacin kamfanin gini da kamun kifi ya fi masa aiki muhimmanci.

Rukuni na biyu shi ne labaran tubabbun 'yan daba da suka shiga rayuwar yau da kullum. Great Teacher Onizuka na Toru Fujisawa, wanda ya fito daga 1997 zuwa 2002, labarin tsohon ɗan babur ne da ya zama malamin makaranta, kuma an yi masa fim ɗin zane mai kashi 43 tsakanin 1999 da 2000. Gokushufudo na Kousuke Oono, wanda ya fara a 2018 kuma Netflix ta nuna fim ɗin zanensa a 2021, labarin tsohon ɗan yakuza ne da ya koma kula da gida yana dafa wa matarsa abinci. Waɗannan biyun sun fi karkata ga ban dariya, shi kuwa labarin Kintaro ya ɗauki harkar kamfani, kwangila da siyasa da gaske.